Sabon Kunne a Jirgin Kawu

Warin gam ne ya riga mu shiga motar. Ƙawata ta sayo shi tun jajibirin tafiyar ta bar shi a kujerar baya, murfinsa bai zauna daidai ba, ya kwana yana numfashi a ciki. Muna idar da sallar asuba muka fito. Layinmu na Selly Oak a Birmingham shiru yake, ɗaliban da suka kwana hayaniya duk sun yi barci, sai wata yanyawa da ke binciken kwandon shara, ta ɗago ta dube mu kamar mu ne baƙi a unguwar. Muka sauke gilasai, sanyi ya shigo, warin bai fita ba. Haka muka kama hanyar Manchester mu biyu, da akwatin kayan aiki, da fulas ɗin shayi, da sauran dambun naman da aka aiko mini daga gida.

Ku da kuka saba karanta tafiye-tafiyena kun san ba a ganina inda ake aiki da sukundireba. Bari in gaya muku abin da ya fitar da ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne. A Yauri aka haife su, a bakin kogin Kwara, gidan masunta. Ita aure ya kai ta Kano, shi kuma karatu ya kawo shi Ingila tun ba a haife ni ba. Karatun bai ƙare ba tuƙin bas ya riƙe shi, har ya yi ritaya a unguwar Old Trafford ta Manchester. Da ya ajiye aiki sai ya sayi kayak, wani ƙaramin jirgin roba na mutum ɗaya, ya koma sana'ar gidansu a tafkunan bayan gari. Yana da hanyar neman kifi da ya koya wurin mahaifinsa. Zai tsoma filafilin katako a ruwa, ya kafa ƙotarsa a kunne, ya yi shiru har sai ya ji motsin da ke ƙasa. To, kunnen ne ya fara tafiya. A hankali ya tafi, yadda rana ke barin tsakar gida. A bana ya yi ta fita yana dawowa hannu banza, har ya daina fita. Ya ce ruwa ya daina yi masa magana. Ya sa jirgin a kasuwa, aka sami wani Bature mai so, aka yi da shi zai zo ɗauka ranar Litinin.

'Yarsa, wadda aka haifa a can, ita ta kira ni. Ta ce tun da ya daina zuwa ruwa, daga kujerar bakin taga sai masallaci, daga masallaci sai kujerar. Ta sayo masa na'urar gano kifi, irin wadda ake ɗaura wa jirgi ta nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa a allo. Da ƙyar ya yarda a gwada sau ɗaya. Idan ba ta nuna masa komai ba ranar Lahadi, jirgi ya tafi. Ita kuwa ta buɗe kwalin ta ga wayoyi ta mayar ta rufe. Sai na tuna ina zaune gida ɗaya da wadda ke digiri na uku a injiniyancin lantarki, 'yar Katsina, mai gyara mana komai daga tukunyar ɗumama gida har zuwa cajar waya. Na roƙe ta. Ta ce ita ko wanka a kogi ba ta taɓa yi ba, amma waya waya ce.

Bristol Road da asuba ba ita ce Bristol Road ta rana ba. Shagunan kaza da na aski duk a rufe, fitilun hanya suna ta canza launi ba wanda suke tsayarwa. Muka ratsa ramukan tsakiyar gari, muka hau wannan mahaɗar gadoji da ta nannaɗe kamar taliya a faranti, muka faɗa babbar hanyar M6. Manyan motoci ne suka mallaki hanyar a lokacin, suna tafiya a jere kamar shanu sun nufi mashaya. Bayan mun wuce Stafford gari ya fara wayewa. Hazo ya kwanta a gonaki iya gwiwa, tumaki suna tsaye a cikinsa ba a ganin ƙafafunsu, kamar an ɗora su a kan gajimare. Ganye ya fara ja a wasu bishiyoyin. Na ce da ƙawata da ke tuƙi ta duba. Ta ce idan ta duba za mu je mu same su.

Mun tsaya a wurin hutun matafiya kafin Stoke. Na leƙa farashin shayi, na lissafa shi da naira kamar yadda na yi alkawarin dainawa, na koma mota na rungumi fulas ɗinmu. A bakin wurin wanke hannu na haɗu da wata tsohuwar Baturiya da ta ce launin mayafina ya yi kama da cikin kankana. Na ɗauka yabo ne, na yi godiya. Daga nan aikin hanya ya kama mu, jajayen robobi a jere har inda ido ya tsaya, ba ma'aikaci ko ɗaya. Ƙawata ta ce tun zuwanta ƙasar nan ake gyaran wurin, tana jin za ta kammala digirinta ta bar su a nan.

Old Trafford unguwa ce ta jan bulo, gidaje manne da juna kamar 'yan'uwa a hoto. Ranar akwai wasan ƙwallo, tun da hantsi 'yan kallo masu jajayen riguna sun fara cika titi, kowane gefen hanya an kafa gargaɗin hana ajiye mota. Ana jin ƙamshin burodin Larabawa daga wani shago, daga na kusa da shi kuma na soyayyiyar ayaba. Anti, matar Kawu, ta fito da silifas ta tsare mana gurbi da kwandon shara, tana korar duk wanda ya rage gudu.

Kawu yana kujerar bakin taga. Ya rame fiye da yadda na bar shi da Sallah. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ke ma sun ɗauko ki?"

Na durƙusa na gaishe shi. Sai da na maimaita da ƙarfi ya amsa. Ya dubi ƙawata da akwatinta.

"Wannan ce injiniyar? Daga ina?"

"Katsina, Baba."

"Katsina! Allah Sarki. Inda rijiya ce babban kogi. Ita za ta nuna mini kifi."

Ƙawata ta ce, "Ni waya zan haɗa, Baba. Kifin ku kuka san shi."

Amsar ta yi masa daɗi, na ga alama, don ya tashi ya ɗauko makullin rumfar bayan gida da kansa.

Jirgin yana kan wasu tayoyi biyu, kore ne mai duhu, an goge shi tas saboda mai saye. A jikin bango filafilin katakon yana jingine, ƙotarsa ta yi santsi ta yi baƙi saboda hannu da kunne. 'Yar Kawu ta iso daga aiki da kwalin na'urar. Abu uku ne a ciki masu muhimmanci: allo mai faɗin tafin hannu, da batir, da wani ɗan baƙin abu kamar guntun sabulu mai doguwar waya. Shi ne ke aika sauti cikin ruwa ya saurari dawowarsa. Sunansa na Turanci ya yi wa bakina nauyi, sai na ce masa kunne, kowa ya bi ni.

Rigimar farko a kan huda aka yi ta. Ƙawata ta fito da abin huda don ta kafa mariƙin allo, Kawu ya sa hannu ya rufe wurin.

"Ba a huda jirgi."

"Dad, a sama ne. It's nowhere near the water," in ji 'yarsa, da wannan Turancin nasu na Manchester da ke fita ta hanci.

"Ko a sama, ko a ƙasa. Ki tambayi uwarki, ni kunnenki ma sai da aka yi da ni kafin a huda."

Ƙawata ba ta yi musu ba. Ta zagaya jirgin, ta sami wani siririn ƙarfe da aka ƙera shi da shi a gefe, ta ɗaure mariƙin a kai da noti. Batir kuma yana bukatar gidan da ruwa ba ya shiga. Muka duba rumfar ba mu samu ba, sai 'yar Kawu ta shiga kicin ta fito da wata roba mai murfi. Anti ta biyo ta har ƙofa.

"Robar miyata ce wannan! Duk robobin gidan nan ba ki ga ta ɗauka ba sai mai kyan murfi?"

"Mum, shi ya sa."

Aikina shi ne riƙe tocila da miƙa abin da aka ce in miƙa. A gaban jirgin akwai wani murfi zagayayye, idan an buɗe shi ana ganin cikin jirgin, duhu da warin roba. Ƙawata ta zura hannu har kafaɗa, ta goge wani wuri a ƙasan da samfefa, ta share shi, ta matsa gam mai kauri, ta dasa kunnen a kai tana murzawa a hankali. Sautin zai ratsa robar jirgin ya shiga ruwa, ba sai an huda komai ba. Sharaɗin ɗaya ne, kada iska ko kumfa ɗaya ta rage tsakanin kunnen da jirgin, don iska tana kashe sautin. Wannan bayanin ta yi shi kanta yana cikin rami, da Turanci, mu biyu muka ji. Kawu yana tsaye a bayanmu, hannuwansa a baya, yana kallon yadda ake goge cikin jirginsa ana danna masa baƙon abu. Ba wadda ta juya ta gaya masa komai a cikinmu. Ni da aka ɗauko don in yi tafinta, tocila ta ɗauke mini hankali.

Anti ta kira mu cin abinci. Kawu ya ce mu je, zai rufe rumfar ya biyo mu. Ya ɗan jima kafin ya shigo. Abin da ya tsaya yi, sai washegari muka sani.

Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, da busasshen kifi a ciki. Na tambayi Anti ko na Kawu ne. Ta yi dariya har ta ajiye cokali. Ta ce a ƙasar nan mutum zai biya kuɗin lasisi, ya tashi da asuba, ya sha sanyi, ya kama kifi, ya dube shi, ya mayar da shi ruwa. Wannan na miyar a shagon 'yan Ghana ta saye shi. Kawu bai ji ba, amma ya ga muna dariya, ya yi murmushi yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Wannan murmushin ya tsaya mini a rai. Irin na wanda ke tsaye a wajen gida ne yana hango fitila ta taga.

A Withington muka kwana, a ɗan gidan 'yar Kawu, saman wani shagon wanki. Da yamma muka taka zuwa babban titi, ɗalibai cike da tashar bas, kowa da jakar cefane. Ta saya mana shayi mai madara da kayan ƙamshi a wani ɗan shago, muka zauna bakin taga. Hausarta tana ɗingishi, idan ta gaji sai ta koma Turanci. Ta ce ba ta taɓa shiga jirgin nan ba, ba ta ma son kifi. Amma duk ranar da ya dawo daga ruwa yakan zauna ya ba ta labarin Yauri, da kakanta, da wani kifi kurungu mai gurnani idan an kama shi. Tun da ya daina fita labarin ya ƙafe. Ta ce, "Idan jirgin ya tafi, ban san me za mu riƙa cewa da juna ba."

Lahadi ta waye da rana mai laushi. Muka ɗaure jirgin a saman motar Kawu, Anti ta ce ba za a bar ta a gida ba, ta shigo da kujerarta mai naɗewa da kular dafa-duka. Tafkin yana bayan gari, an wuce gidaje an shiga gonaki. Ruwan a kwance yake kamar an shimfiɗa shi, agwagi suna yanka shi suna barin dogon layi a baya. Wasu tsofaffin Turawa biyu da ke zaune da sandunan fatsa suka ɗaga wa Kawu hannu, ɗaya ya ce sun ɗauka ya koma Afirka. Kawu ya sa rigar ceto, 'yarsa ta ja masa igiyoyinta tana faɗa, shi kuma yana cewa ya iya iyo tun kafin ya iya tafiya. Ƙawata ta haɗa batir, allo ya kama. Ta nuna masa inda zai duba, muka tura shi.

Daga gaɓa muna ganin bayansa. Ya yi nisa kaɗan ya tsaya, ya sunkuya kan allon. Ya matsa gaba, ya sake sunkuyawa. Ya zagaya wajen ciyayi. Sannan ya zauna kawai, filafili a kan cinya, jirgin yana juyawa da shi a hankali. Ban taɓa ganin bayan mutum ya yi magana kamar na Kawu a lokacin ba. Da ya juyo gaɓa ba wanda ya tambaye shi. Allon fari fat, sai wasu 'yan layuka da ke ƙiftawa a kusurwa.

"Na gaya muku," ya ce, ba da faɗa ba. "Ba laifin injiniya ba ne. Ruwan ne ya gama da ni. Ku bar Baturen ya zo."

'Yarsa ta juya baya tana kallon agwagi. Ƙawata kuwa ta durƙusa, ta bi waya da yatsa tun daga allo har batir, komai daidai. Ta buɗe murfin gaba, ta karɓi tocila ta leƙa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce in zo in gani. A ƙarƙashin kunnen, ta kowane gefe, bakin wani farin ƙyalle ne ya leƙo, an ninke shi da kyau, gam ya kama shi.

"Baba, wa ya sa wannan?"

"Ni ne," in ji Kawu, yana mamakin tambayar. "Kun manta ba ku sa ba. Na ga ku yara ne, ban so in kunyata injiniya ba, sai na ɗaga na sa muku tun gam bai bushe ba."

Ya yi mana bayani a tsanake. A Yauri ba a haɗa abu biyu a jikin jirgi sai da tsumma a tsakani. Katako da katako, ƙarfe da katako, duk sai an cusa tsumma, shi ke hana yoyo, shi ke hana abu ya ci ɗan'uwansa idan igiyar ruwa ta buga. Wanda ya dasa abu tsirara a cikin jirgi, ba a sake ba shi aiki. Ya yanko daga tsohuwar rigarsa mai laushi, ya ninka, ya mayar da kunnen daidai inda ya same shi.

Na ji kunya ta rufe ni, ba tasa ba, tamu. Wannan karon na matsa kusa da kunnensa na dama, na yi masa bayani da Hausa, a hankali, yadda ya kamata in yi tun jiya. Na ce abin nan saurare yake yi kamar filafilinsa. Na tambaye shi, idan ya naɗe ƙotar filafili da tsumma ya kafa a kunne, zai ji wani abu? Ya dubi jirgin, ya dube ni.

"Wato ni na toshe masa kunne."

"Ba ku sani ba, Kawu. Mu ne ba mu faɗa ba."

"Kurma ya samu abokin zama," ya ce, ya yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba.

Ƙawata ta sa wuƙa ta ɓamɓare kunnen, ta cire ƙyallen, ta kankare tsakiyar wurin har roba ta fito. Amma sabon gam yana bukatar kwana kafin ya kama, mu kuwa yau ce kawai a hannunmu. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallon ramin. Gam ɗin jiya ya bushe ya bar zobe a kewaye, kamar bakin ƙaramar tasa. Ta ce akwai dabara. Ruwa ba ya kashe sauti. Idan aka cika zoben nan da ruwa aka zaunar da kunnen a ciki, zai yi aiki na yau, daga baya a dasa shi da kyau.

Na fassara wa Kawu. Ya ja da baya taku ɗaya.

"A zuba ruwa? A cikin jirgi?"

"Kaɗan ne, Kawu."

"Uwata, aikin farko da aka ba ni a duniya kwarfe ruwa ne daga jirgi. Da ƙoƙo, tun hannuna bai kai bakin jirgin ba. Mahaifina ko ɗigon alwala bai yarda ya sauka a ciki ba. Mutum da hankalinsa ya ɗebi kogi ya zuba a jirginsa? A garinmu sai a kama shi a kai shi a yi masa addu'a."

"Dad, please. One cup. Kofi ɗaya," in ji 'yarsa.

Ya girgiza kai. Na ga da gaske yake, ba taurin kai ba ne. Abin ya yi masa nauyi kamar a ce ya shiga masallaci da takalmi. Muka tsaya cirko-cirko. Sai Anti ta yi magana daga kujerarta, da muryar da ta saba ɗagawa don shi, har tsofaffin Turawan suka waiwayo.

"Malam! Shekara nawa kana kama kifi kana mayar da shi ruwa? A garinku wa ke yin haka? Wa ya kai ka aka yi maka addu'a? Ni da nake sayen kifi a shago mijina masunci, ni ce ma ya kamata a yi wa. Ka zuba ruwan nan mu ci abinci."

Kawu ya dube ta ya daɗe. Ƙawata ta miƙo murfin fulas za ta ɗebo, ya ɗaga mata hannu.

"Bari. In dai za a yi, ba baƙo zai yi ba."

Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a bakin tafkin, ya haɗa tafukansa ya ɗebo. Ya yi bisimilla a hankali, ya zura hannu cikin duhun jirgin ya saki. Na ji ƙarar zubarsa, 'yar ƙarama. Ya sake ɗebowa. Ƙawata ta zaunar da kunnen a cikin ruwan, sai dai yana bukatar abin da zai danne shi kada ya goce. Ta ɗauki ƙyallen nan nasa, ta dunƙule, ta cusa a samansa ta tokare.

"Kun gani, Baba, tsummanku ya yi aiki. Wuri kawai ya canza."

"'Yar Katsina," ya ce, "kin fara zama mutum."

Muka tura jirgin cikin tafkin Kawu yana ciki, muka riƙe gefensa a wurin da bai da zurfi. Allon ya yi ƙifta, sannan wani jan layi mai kauri ya fito daga dama yana tafiya hagu. Ƙasan tafkin ke nan. Kawu ya kai yatsa ya taɓa shi. Muka sake shi.

Bai yi nisa sosai ba muka ji muryarsa. Wanda ba ya ji ba ya sanin ƙarfin muryarsa, tasa ta cika tafkin har agwagi suka tashi.

"Ga su nan! Suna ƙarƙashina! Ashe ba su tafi ba!"

'Yarsa ta zauna a kan ciyawa mai laima ta rufe fuska. Anti ta buɗe kula ta fara zuba abinci kamar ba abin da ya faru, amma na ga ta zuba wa faranti ɗaya sau biyu.

Ya daɗe a ruwa. Kifi ɗaya ya kama, ɗan ƙarami mai ratsi a baya da jajayen fukafukai, ya ɗaga mana shi daga nesa, ya mayar. Da ya fito ya ce a allon kifi yana fitowa kamar jinjirin wata a kife, manya suna ƙasa, ƙanana suna sama a tare kamar 'yan makaranta. Ya yi ta faɗa yana ci, ya dangana da Kwara, da wata giwan ruwa da ta taɓa jan jirgin mahaifinsa. 'Yarsa ta matso tana saurare, shinkafarta ta huce. Kafin mu ɗaure jirgin ya buɗe murfin gaba ya tsane ruwan nan tas da ƙyallen, har sai da wurin ya bushe. Sannan ya ce da ita, ba tare da ya dube ta ba, "Ki gaya wa Baturen nan ya yi haƙuri."

Da la'asar ƙawata ta sake dasa kunnen da sabon gam a rumfa. Wannan karon Kawu ne ya riƙe tocila, ni kuma ina bakin kunnensa ina faɗa masa kowane mataki kafin a yi shi.

Mun kamo hanyar gida rana tana faɗuwa a damanmu, Anti ta cika mana bayan mota da abincin da zai kai mu mako. M6 ta cika da masu komawa aiki, muka yi ta rarrafe har Birmingham. Ƙawata tana tuƙi tana murza busasshen gam daga yatsunta. Da muka shigo Bristol Road shaguna sun kunna fitilu, ɗalibai sun fito, layinmu ya koma hayaniyarsa. Na hau ɗakina da takalma masu laka, ban so in wanke su ba.

Na tafi ina ganin na'ura za mu kai wa tsoho. Abin da na dawo da shi shi ne, mun iya yi wa manyanmu hidima, amma mun fi son mu yi ta a kansu suna tsaye a baya. Jimla biyu da Hausa a bakin kunnensa da sun hana duk abin da ya faru. Shi kuwa, da aka yi masa bayani, ya sauke abin da ya riƙe tun yana yaro, da hannunsa, a gaban yara. Ban san ko ni zan iya haka ba idan na kai shekarunsa.

Sai da hunturu ya wuce Anti ta gaya mini wani abu a waya. Ashe tun shekarun baya likitan unguwarsu ya tura Kawu asibiti aka ba shi abin ƙara ji, irin wanda ake saƙalawa a bayan kunne. Ya kawo shi gida ya jefa a aljihun tebur, ya hana ta gaya wa kowa, har 'yarsu. A makon da muka tafi, ta shigo da shayin safe ta same shi a gaban madubi yana kokawa da shi. Ya ce tun da ya karɓi kunnen aro saboda kifi, abin kunya ne ya ƙi karɓa saboda ita. Ta ce yanzu sai ta rufe ƙofar kicin kafin ta yi gulmarsa.